Yadda Ake Ƙera Sauti da Sintisaiza, a Shigar da Shi Cikin Kiɗa

Sintisaiza na'ura ce da ke ƙirƙiro sauti daga wutar lantarki. Kai ne kake gina sautin tun daga tushe, ka yi ta sassaƙa shi har ya zama bes, wato sauti mai kauri na can ƙasa, ko sarewa, ko ganga, ko wani amo da ba shi da suna. Wadda ake magana a kai a nan ita ce mai jiki, mai wayoyi da madannai da mamurɗai, ba manhajar da ke cikin kwamfuta ba. Salon da za mu bi shi ne na ragewa: a fara da sauti cikakke mai kaushi, sannan a tace shi. A kan wannan tsari aka gina Minimoog da ta fito a 1970, kuma yawancin na'urorin da mai koyo zai fara taɓawa yau, irin su Korg Minilogue, Arturia MiniBrute, Novation Bass Station II da Behringer Model D, shi suke bi. Masu tsarin FM irin Yamaha DX7 ta 1983 hanyar ƙera sautinsu daban ce, amma batun haɗa wayoyi da ɗaukar sauti da za a yi a ƙasa ya shafe su su ma.

Sunayen da aka rubuta a jikin na'ura za a bar su yadda suke, don ka gane su idan ka duba.

Kayan da za ka tanada

Na farko na'urar da adaftarta ta asali. A nan aka fi yin asara. Adafta biyu za su iya zama bakinsu ɗaya, volt ɗinsu ɗaya, amma ɗaya ta ƙona maka na'ura, saboda a wata tsakiyar bakin ce ke ɗauke da alamar tarawa, a wata kuma alamar ɗebewa. Ƙananan Korg Volca volt 9 suke sha, tarawa a tsakiya; fedar jita irin ta Boss ma volt 9 ce, amma ɗebewa a tsakiya. Idan adaftar asali ta ɓace, duba ɗan zanen da ke kusa da ramin wuta, ka nemi wadda volt ɗinta da zanenta suka zo daidai. Ampiya in ta ɗara abin da aka rubuta ba laifi, in ta gaza ne na'ura ke ta mutuwa tana tashi.

Sai wayar sauti mai babban jak na milimita 6.35. Yawancin sintisaizoji jak mai baƙin zobe ɗaya suke so. Idan taka tana da ramuka biyu, L da R, wayoyi biyu za ka tanada; in ɗaya gare ka, sa ta a ramin da aka rubuta L/Mono.

Sai sawunkad, wato akwatin da ke karɓar sauti ya shigar da shi kwamfuta. In babu shi, ƙaramar miksa mai USB za ta yi, ko rikodar hannu mai ramin Line In. Ramin makirufo na laftof kam kada ka yi amfani da shi: sautin sintisaiza ya fi ƙarfinsa nesa, zai fashe. Sai hedifon ko sifikokin sitidiyo, domin sifikar waya ko ta laftof ba ta fitar da ƙasan bes, kuma abin da ba ka ji ba za ka iya gyarawa ba. Sai wayar MIDI mai fil biyar ko wayar USB, masu kai umarnin notoci tsakanin sintisaiza da kwamfuta, da manhajar haɗa kiɗa kamar Ableton Live, FL Studio, Cubase ko Reaper. In sauti kawai za ka ɗauka, Audacity kyauta ce kuma ta isa. Ka sauke manhajar saita murya ta makaɗa a wayarka, ka kuma ajiye littafi kusa.

1. Haɗawa da kunnawa

Komai a kashe, duk mamurɗan ƙarar sauti a ƙasa. Ɗauki waya daga Output na sintisaiza zuwa ramin shiga na sawunkad. Idan ramin yana da maɓallin Inst ko Hi-Z, kashe shi, na jita ne. Maɓallin 48V ma a kashe, wutar makirufo ce, sintisaiza ba ta buƙatarta.

Kunna sintisaiza, sannan sawunkad da kwamfuta, sifikoki a ƙarshe. Wajen kashewa sifikoki ne farko. Dalili shi ne na'urori da yawa kan yi wata fashewa lokacin da wuta ta shige su, in sifika na kunne ita za ta sha.

Idan na'urarka analog ce ta ainihi, bar ta minti 10 zuwa 20 ta yi ɗumi, domin muryarta na zamewa kafin zafin cikinta ya daidaita. Sannan danna nota A ta tsakiya, ka duba manhajar saiti, ka murɗa Tune har ta tsaya a 440 Hz. Masu dijital ba ruwansu da wannan jira.

2. Daidaita ƙarfin sauti

Ɗaga Volume na sintisaiza zuwa kashi uku cikin huɗu. A manhaja saita aikin a bit 24, 48 kHz ko 44.1 kHz. Danna notoci da yawa da ƙarfi, kana ɗaga Gain na sawunkad a hankali har mitar manhaja ta riƙa kaiwa wajen −12 dB a inda ta fi tashi. Bar wannan tazarar. Sintisaiza kan yi tsalle ba sanarwa idan ka buɗe filta, wato matatar sautinta, kuma sautin da ya taɓa sifili a ƙololuwar mita ya fashe ba ya gyaruwa daga baya. Idan sawunkad na da Direct Monitor, kunna shi don ka ji abin da kake bugawa ba jinkiri, amma ka rufe sauraron wannan layin a cikin manhaja, in ba haka ba za ka ji sautin sau biyu kamar a cikin bututu.

Yanzu ɗauke hannu ka saurara. In ka ji ƙugi mai kauri da ba ya tsayawa, wato na 50 ko 60 Hz na wutar gida, ko wani siririn kuka da ke canzawa idan ka motsa linzamin kwamfuta, to wuta ta sami hanya biyu ta zagayawa tsakanin na'urorin. Zare wayar USB daga sintisaiza ka ji. Sau da yawa shi ke nan kukan ya ɗauke. Sai ka koma wayar MIDI mai fil biyar, wadda aka ƙera ta yadda ba ta haɗa wutar na'urori biyu, ko ka sa ɗan abin raba wuta na USB. In ƙugin bai tafi ba, haɗa duk kayan a soket ɗaya mai baki da yawa, ko ka bi da sautin ta akwatin DI mai maɓallin Ground Lift. Abu ɗaya da ba a yi: karya fil na uku na filogi. Ƙugin zai iya tafiya, amma ka cire abin da ke kare ka daga jan wuta.

3. Koma sautin farko

Kada ka fara koyo a kan sautukan da kamfani ya zuba. An lulluɓe su da amsa-kuwwa da motsi iri-iri, sai ka murɗa abu ba ka san me ya canza ba. Nemi Init ko Initialize a cikin jerin umarni. In na'urar ba ta da shi, yi da hannu: osileta (ɓangaren da ke haifar da sauti) ta ɗaya a kan zanen haƙoran zarto, a lamba 8', ƙarfinta rabi, osileta ta biyu da Noise da Sub duk a sifili, Cutoff a buɗe har ƙarshe, Resonance sifili, Env Amount sifili, Attack sifili, Sustain a sama, Release kaɗan, duk abin da ya shafi LFO da Glide da amsa-kuwwa a kashe. Ka danna madanni ka ji sauti tsirara mai kaushi, wanda ke farawa da ka danna ya tsaya da ka saki. Ba shi da daɗi, kuma haka ake so.

A na'urori masu ajiyar sauti, inda mamurɗi yake tsaye ba lallai ne ya zama abin da kake ji ba. Sautin da aka ɗauko daga ajiya yana da nasa awon. Nemi Panel ko Manual, shi ke sa na'ura ta bi abin da ido ke gani.

In ka danna shiru, bi hanyar sauti daga farko: ƙarfin osileta, sai Cutoff ko a rufe yake, sai Sustain ko a ƙasa yake, sai saitin Local a ɓangaren MIDI, wanda ke haɗa madannai da sautin na'urar kai tsaye, ko an kashe shi.

4. Zaɓi ɗanyen sauti

Osileta ce ke haifar da sautin, kuma siffar igiyarta ce ke faɗin irin kayan da filta za ta samu ta tace. Haƙoran zarto sun fi kowa cika, duk ƙananan muryoyin da ke hawa kan nota suna ciki, shi ya sa da su ake yin bes mai kauri da ƙaho da shimfiɗa, wato doguwar muryar da ke kwanciya a bayan kiɗa. Mai kusurwa huɗu rabin waɗannan muryoyin ne a cikinta, sai ta yi amo kamar mai rami a ciki. In ka matse faɗinta da Pulse Width ta koma siririya kamar ana magana ta hanci. Mai kusurwa uku tana da laushi, ta dace da sarewa. Ta lanƙwasa, wadda ake rubuta Sine, nota ce tsantsa ba komai a kanta, don haka filta ba ta da abin tacewa a jikinta. Noise kuwa shuu ce kawai, ta iska da numfashi da ƙananan ganguna.

Lambobin 16', 8' da 4' an gaje su daga tsawon bututun ogan: 16' na ƙasa da 8' da oktaf ɗaya, wato tazarar madannai goma sha biyu, 4' na sama da ita.

Ɗaga osileta ta biyu, ita ma haƙoran zarto, ka ɗan gusar da Fine Tune ɗinta. Tsakanin madanni da maƙwabcinsa akwai sent 100. Sent 5 zuwa 10 sun isa su sa sautin ya yi faɗi yana rausaya. Ya wuce 20 ya fara kama da kuskure. A bes kuwa ka yi hattara da wannan dabara, domin muryoyin biyu na haɗuwa suna rabuwa, sai ƙarfin bes ya riƙa kumbura yana sacewa a cikin kiɗa. Gara ka sauke ta biyun oktaf ɗaya ka saita ta cif.

5. Tace shi

Riƙe nota ɗaya, ka murɗa Cutoff daga sama zuwa ƙasa a hankali, ka dawo. Yi haka sau da yawa, ido a rufe in ka ga dama. Wannan ita ce filta mai barin ƙasa ya wuce, LP, tana yanke kaifi ta bar kauri. HP kishiyarta ce, BP kuma tsakiya kaɗai take bari. Idan akwai zaɓin 12 dB da 24 dB, na 24 ya fi yanka da ƙarfi, ya fi dacewa da bes. Na 12 yana barin ɗan haske, ya fi daɗi a shimfiɗa.

Resonance na ƙara ƙarfi a daidai bakin da filta ke yanka. Ɗaga shi rabi ka sake murɗa Cutoff, za ka ji sautin kamar baki na buɗewa yana rufewa. Wannan kukan shi ne sirrin Roland TB-303. Sai dai a filta irin ta Moog, yawan Resonance na cinye ƙasan bes, don haka idan bes ɗinka ya rame ba dalili, nan za ka fara dubawa. Kai shi ƙarshe a na'urori da yawa, filta ta fara kuka da kanta ko babu osileta. Rage ƙarar hedifon kafin ka gwada.

Akwai wani mamurɗi da masu koyo ke tsallakewa, Key Track ko Keyboard Amount. In yana sifili, filta na tsaye wuri ɗaya, sai notocin sama su dushe, na ƙasa su yi kaushi. Sa shi rabi, filta ta riƙa bin hannunka.

6. Ba shi siffa da ADSR

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Abin da ke bambanta ganga da sarewa a kunne galibi yadda sautin ke farawa da yadda yake mutuwa ne, fiye da irin igiyar da aka yi shi da ita.

Attack lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya kai ƙololuwa ne bayan ka danna. Decay lokacin da yake ɗauka ya sauko daga ƙololuwa. Sustain shi ne matakin da zai tsaya muddin yatsanka na kan madanni. Release lokacin da yake ɗauka ya ɓace bayan ka saki. Uku lokaci ne, Sustain kaɗai ne mataki, kuma rashin gane wannan shi ke rikita mutane: in Sustain na sama, Decay ba shi da inda zai sauko, ko ka murɗa shi har gobe ba za ka ji komai ba.

Fara da ADSR na ƙarar sauti, wanda aka rubuta Amp ko VCA. Sauke Sustain sifili, Decay wajen sulusi: sautin ya zama bugu. Mayar da Sustain sama, ɗaga Attack da Release rabi: ya zama numfashi. In ka ji wani ƙas a farkon kowace nota, Attack ne ya yi sauri fiye da kima. Ɗaga shi milisakan 2 zuwa 5. Haka ma a ƙarshen nota, ɗan Release kaɗan ke maganinsa.

Sai na filta. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaga Env Amount alhali Cutoff na buɗe har ƙarshe. Filtar da ta riga ta buɗe ba ta da inda za ta ƙara buɗewa. Sauke Cutoff zuwa kashi ɗaya cikin huɗu tukuna, sannan ka ɗaga Env Amount rabi, Attack sifili, Decay gajere, Sustain ƙasa. Yanzu kowace nota na farawa da haske ta koma duhu, kamar yadda tsirkiya ke yi in an tsinke ta. Cutoff shi ne inda filta ke kwana, Env Amount nisan da take tashi, Decay saurin dawowarta. Murɗa ɗaya, saurara, mayar da shi, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ke murɗa uku lokaci guda zai iya dacewa da sauti mai daɗi, amma ba zai iya sake yin sa ba.

Wasu ƙananan na'urori ADSR ɗaya gare su. In haka ne, sa ɓangaren Amp a kan Gate, ka bar ADSR ɗin ga filta.

7. Sa masa motsi

LFO osileta ce mai tafiyar hawainiya, ƙasa da abin da kunne ke ji. Aikinta ta riƙa murɗa maka wani abu ba tare da hannunka ba. Tura ta ga murya, gudun 5 zuwa 6 Hz, zurfi ɗan kaɗan, ka sami rawar murya irin ta mawaƙi. Ya fi kyau ka ɗaura zurfin a kan Mod Wheel, ka riƙa shigo da rawar a ƙarshen dogayen notoci kawai, domin rawar da ba ta tsayawa na gajiyar da kunne. Tura ta ga Cutoff, sauti ya riƙa buɗewa yana rufewa. Tura ta ga Pulse Width a gudun ƙasa da 1 Hz, osileta ɗaya ta yi kauri kamar biyu, kuma wannan ita ce mafita ga mai na'urar osileta ɗaya. In akwai Sync, kunna shi don motsin ya bi bugun kiɗa.

8. Sautuka huɗu na gwaji

Yawancin na'urori ba sa nuna milisakan a jikin mamurɗi, don haka ɗauki lambobin nan a matsayin kwatance, kunne ya ƙarasa. Kowanne ka fara shi daga sautin farko.

Bes: haƙoran zarto a 16', da mai kusurwa huɗu ko Sub a ƙasanta, ƙarfinta rabi. Filta 24 dB, Cutoff kashi ɗaya cikin huɗu, Resonance kaɗan, Env Amount rabi. ADSR na filta: Attack sifili, Decay milisakan 200 zuwa 300, Sustain ƙasa. Na Amp: Sustain sama, Release milisakan 50 zuwa 80, domin in ya yi tsawo notoci na hawa kan juna su zama laka. Sa na'ura a Mono, Glide ɗan kaɗan in kana son notoci su riƙa zamewa. Nota E ta can ƙasa wajen 41 Hz take, ƙananan sifikoki ba sa fitar da ita. Abin da ke sa a ji bes a waya shi ne kaushin da ke samansa. Saboda haka kada ka rufe filta har sai gunji kaɗai ya rage.

Shimfiɗa, wato doguwar muryar da ke kwanciya a bayan kiɗa: zarto biyu a 8', tazarar sent 7, Cutoff rabi, Attack wajen daƙiƙa ɗaya, Release daƙiƙa biyu, LFO a hankali kan Cutoff, ɗan Chorus a kai. Lura da yawan muryoyin na'urarka. Minilogue huɗu gare ta. In ka danna notoci huɗu ka koma wasu huɗu, sababbin za su ƙwace muryoyin tsofaffin, jelar sautin ta yanke. Rage notoci zuwa uku ko ka gajarta Release. Mai na'urar murya ɗaya ma zai iya yin shimfiɗa: ɗauki kowace nota a layinta daban, ka haɗa su a manhaja.

Tsirkiya: Sustain sifili a duka ADSR biyu, Decay na filta milisakan 150, na Amp 400. Hasken ya riga ƙarar mutuwa, nan daɗin yake. In na'ura na jin ƙarfin dannawa, tura Velocity ga filta. Ƙara Delay: raba 60,000 da gudun kiɗa ka sami tsawon bugu ɗaya, wato milisakan 500 a gudun 120, kashi uku cikin huɗu na wannan, 375, shi ke ba da amsawar da ke faɗawa tsakanin bugu.

Babbar ganga: kashe osiletoci duka, kai Resonance ƙarshe har filta ta yi kuka, sauke Cutoff har kukan ya zama gunji wajen 50 Hz, Key Track sifili. Env Amount rabi, Decay na filta milisakan 40 zuwa 80, na Amp wajen 300, Sustain sifili. Faɗowar murya daga sama da sauri ita ce bugun. Yi wannan da ƙarar sifika a ƙasa.

9. Haɗa ta da kwamfuta ta MIDI

MIDI ya fito a 1983, kuma ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Umarni yake kaiwa: wace nota, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Don haka wayar sauti na nan daram ko ka haɗa USB, sai fa 'yan na'urorin da ke aika sauti ta USB ɗin. Da waya mai fil biyar, Out na wannan na shiga In na wancan. Tashoshi 16 ne. Tashar da layin manhaja ke aikawa dole ta zama wadda sintisaiza ke saurare.

Buɗe layi biyu a manhaja, ɗaya na MIDI mai aikawa ga sintisaiza, ɗaya na sauti mai karɓa daga sawunkad. Sannan kashe Local a saitin na'ura. In ba ka kashe ba, kowace nota za ta buga sau biyu, ɗaya daga madanni, ɗaya ta dawo daga kwamfuta, sauti ya yi wani iri, muryoyi su ragu rabi. Ka tuna ka mayar da shi idan za ka yi wasa ba kwamfuta, in ba haka ba ka ɗauka na'ura ta lalace.

Ƙananan na'urori kan zo da MIDI a ƙaramin jak na milimita 3.5, kuma iri biyu ne, A da B, waɗanda ba sa jituwa. Yi amfani da 'yar wayar da ta zo cikin kwali. Game da gudu, shugaba ɗaya ake yi: manhaja ta aika Clock, sintisaiza a sa ta kan External. Kuma ba kowace na'ura ce mamurɗanta ke aika motsinsu ta MIDI ba. Behringer Model D ba ta yi, don haka motsin hannunka a kanta sai a cikin sauti za ka kama shi.

10. Ɗauka

A saitin sauti na manhaja, rage Buffer, wanda girmansa ke jawo jinkirin sauti, zuwa 128 lokacin bugawa. A 48 kHz wannan bai kai milisakan 3 ba kowane ɓangare. In kwamfuta ta fara ƙas-ƙas, koma 256. Fara ɗaukar notoci a layin MIDI, ka gyara waɗanda suka kauce. Sannan ka bar kiɗan na zagayawa da ganguna da komai, ka gyara sautin a cikinsa. Sautin da ya cika ɗaki shi kaɗai yakan danne murya idan an haɗa, wanda kuma ya yi kamar siriri shi kaɗai sai ya zauna daidai. Shimfiɗa da tsirkiya a yanke musu ƙasa da 150 zuwa 200 Hz, a bar wa bes da ganga wurin.

Duba saitin murya, sannan ka ɗauki sauti. Bes a layi ɗaya, tsakiya. Kashe amsa-kuwwar na'ura ka ɗauka a bushe, sai in ita ce jigon sautin. Ƙarawa daga baya abu ne mai sauƙi, cirewa ba ya yiwuwa. Kada ka ɗauki ɗan guntu ka yi ta maimaita shi. Bar waƙar ta tafi daga farko zuwa ƙarshe, hannunka na kan Cutoff, ka ɗan rufe inda mawaƙi ke baiti, ka buɗe a amshi. Yi zagaye biyu ko uku ka zaɓa. Wannan motsin hannun shi ne babban dalilin mallakar na'ura mai jiki. Kada ka tsayar da ɗauka sai jelar nota ta ƙarshe ta mutu.

Bayan ɗauka ta farko, faɗaɗa hoton sautin ka duba ko farkon nota ya zauna a kan layin bugu. Yakan makara da 'yan milisakan, saboda umarni ya fita, sauti ya dawo. Auna tazarar sau ɗaya, ka sa ta a wurin gyaran jinkiri na manhajar, ko ka ja sautin baya da hannu. Yawancin waɗannan na'urori sauti ɗaya suke yi a lokaci guda, don haka bes ya shiga layinsa kafin ka murɗa komai don shimfiɗa. Layin MIDI kuma rufe shi kawai, kada ka goge.

11. Adanawa

Danna Write ko Store, zaɓi gurbi, sake dannawa. Duba gurbin da kyau, domin abin da ke ciki zai tafi ba tambaya. In ta ƙi, Memory Protect ne ke kunne. Ba sautin suna mai alaƙa da waƙar, ka rubuta lambar gurbin a jikin layin manhaja. Lokaci-lokaci kwafe duk ajiyar zuwa kwamfuta ta SysEx, wato saƙon MIDI mai ɗauke da ajiyar na'ura, ko manhajar kamfanin, musamman a tsofaffin na'urori irin DX7, waɗanda ɗan batir ne a ciki ke riƙe sautukan, ranar da ya mutu su tafi tare.

Na'urar da ba ta da ajiya, ɗauki hoton fuskarta daga sama a wuri mai haske kafin ka taɓa komai, ka ajiye hoton a jakar waƙar. Hoto ba ya dawo da sauti cif, domin gusawar gashi ɗaya a Cutoff na canza shi. Saboda haka ka ƙara da ɗaukar nota C a kowane oktaf, doguwa da gajeriya, ka ajiye su a jakar tare da hoton, yadda ko an nemi gyaran nota ɗaya bayan wata guda za ka ɗora su a samfula, wato na'ura ko manhajar da ke buga sautin da aka ɗauka, ka buga.